LIYARI DA DALA: MU SAN ABIN DA KE CIKIN ADAKAR TSOHUWA

 Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata, don maganar yau ta fi shafarsu.

Bara bayan girbi, ran kasuwa, wani baƙo ya sauka garinmu bisa babur, yana bi gida gida yana tambayar tsoffin kuɗi. Wata gwaggonmu da mijinta ya rasu ta buɗe adaka ta fiddo mishi liyari goma sha biyu da ta gada wurin uwarta. Ya ba ta jikka guda kowane. Ta yi ta godiya, ta sayi hatsi da magani. Bayan sati biyu ɗanta ya tambayi wani maƙerin fari a Maraɗi, aka ce mishi azurfar da ke cikin liyari guda kaɗai ta fi jikka goma. Baƙo kuwa ya tafi, ba wanda ya san garinsu.

Cikin watannin nan kuma wani ƙanenmu da ke bida ya kwashe abin da ya tara rani guda ya sayi liyari uku, don an nuna mishi shekarar 1780 a jikinsu, an ce Nasara na sayen irinsu miliyoyi. Da aka auna, guda dalma ce aka shafa ma ruwan azurfa, biyun kuma ba su wuce kuɗin azurfarsu ba. Gwaggo ta sayar da araha, yaro ya saya da tsada, abu guda ya ci su, rashin sanin tarihin abin da ke hannunsu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka sani game da kuɗin da suka ratsa ƙasarmu, da yadda ake gane mai daraja daga cikinsu.

ZAMANIN WURI

Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ba daga gulbinmu ya fito ba. Ƙaramin farin nan daga tsibiran Maldib yake, cikin tekun Indiya, jiragen ruwa ke kawo shi bakin teku, fatake su hau da shi arewa. Wani Bajamushe mai yawon ganin ƙasa, Heinrich Barth, wanda ya kira kanshi Abdul Karim, ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851. Ya ga ana ƙidayar wuri dubu ɗari biyar, biyar biyar, har abin ya ba shi mamaki. A lokacin wuri 20.000 ake ɗurawa cikin keso guda. Da ya isa Kano ya tarar ana canjin liyari guda a kan wuri 2.500.

Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani wuri na daban daga Zanzibar, mai ɗan girma, mai araha. Ya yi yawa ƙwarai, darajar wuri ta dinga faɗuwa, kafin ƙarshen ƙarnin sai an ninka abin da Barth ya gani kafin a sami liyari guda. Bafatake na iya ɗora ma jaki kuɗi, abin da jakin zai ci a hanya mai nisa ya rage wani abu mai yawa daga kayan. A 1904 Ingilishi suka hana shigo da wuri, Faransi kuma suka ƙi karɓar shi a lanho. Wanda ya tara rumbun wuri ya wayi gari da tarin ƙwarya, sai ado da wasan yara da bokaye. Wannan shi ne karo na farko da iyayenmu suka ga kuɗi ya mutu a hannunsu, mai azurfa kuwa bai yi hasara ba. Tun daga nan tsoffi ba su yarda da kuɗin da ba ya narkewa ya zama munduwa.

LIYARI MAI HOTON MACE

Macen nan mai lulluɓi da ke bisa liyari sarauniya ce, sunanta Mariya Tereza, ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗin da hotonta a 1741. Bayan liyari akwai gaggafa mai kai biyu, shi ya sa Larabawa ke ce mishi Abu Tera, wato mai tsuntsu. Nauyinshi garam 28 da ɗan ɗoriya. Cikin kashi dubu, 833 azurfa ce, saura jan ƙarfe don ya yi ƙwari. Ke nan kowane liyari na ƙwarai yana ɗauke da azurfa tsantsa garam 23,4. A gefenshi an rubuta kalmomin Latin masu nufin adalci da rangwame, an yi haka ne don kada wani ya kankare baki ya saci azurfa ba a gane ba.

Ta hamada ya zo mana. Ayarin Tarabulus da Gadamas da Gat ke biyowa da shi ta Agadas zuwa Damagaram da Kano, musamman zamanin sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Su kawo yadi da takarda da bindigogi da liyari, su koma da gashin jimina da jan fata da hauren giwa, da bayi kuma, kada mu ɓoye. Maƙeran fari na Abzin da na ƙasar Hausa sun narkar da liyari ba iyaka, sun yi zobba da mundaye da kayan doki da abin wuyan nan na Agadas. Wanda ya tsira ma wuta, mata suka adana shi.

To ga abin da ƙanenmu bai sani ba. Da sarauniyar ta rasu a 1780, 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha suka ƙi karɓar wani kuɗi in ba mai hotonta ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi yadda yake, ba a sake ko shekarar ba. Ostiriya ta daina ciniki da shi a cikin gida tun 1858, amma ba ta daina buga ma 'yan waje ba. A 1935 Italiya ta karɓi iznin buga shi a Roma don yaƙin da ta kai ma Habasha. Ingila ta buga nata a Landan, ta buga a Bombai lokacin yaƙin duniya na biyu, an buga a Pari da Burusel. Har yanzu gidan buga kuɗi na Biyena na buga shi yana sayarwa. Duka sun wuce miliyan 300, kuma kusan kowane 1780 ke jikinshi. Ke nan liyarin da ke hannunka yana iya girme ma kakan kakanka, yana kuma iya zama ɗanka ya girme shi.

Wanda masu tara tsoffin kuɗi ke nema shi ne mai shekara ƙasa da 1780, kamar 1765 ko 1772, da wasu na bugun farko da sai gwani ke rarrabe su ta ƙananan alamu. Irin waɗannan ba su da yawa. Na sauran, kuɗinsu shi ne kuɗin azurfarsu da ɗan ƙari. Wannan kuɗin azurfa kuwa ba ƙarami ba ne. Goma sha biyu sau 23,4 ya ba mu garam 280 da ɗoriya, abin da gwaggonmu ta miƙa ke nan.

DALAR FARANSI

Faransi sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini. Damagaram ce babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar Yamai. Kumandan ya ce lanho sai da tamma. Talaka mai wuri dole ya je wurin ɗan kasuwa ya yi canji da hasara, ko ya tafi aikin ƙwadago, ko ya noma gyaɗa. Dattawa sun ba mu labarin gidajen da suka ƙetare iyaka da dare saboda lanho.

Babban kuɗin da Faransi suka zo da shi shi ne tamma biyar ta azurfa. Nauyinta garam 25, kashi 900 cikin dubu azurfa, wato garam 22,5 tsantsa. Da yake ta yi kusa da liyari a girma, ita ma aka kira ta dala. Masana harshe suna danganta kalmar da sunan talar, wani kuɗin azurfa da aka fara bugawa wajen 1520 a wani kwari na ƙasar Bohemiya, daga nan ne kuma dalar Amurka ta samo sunanta. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Zabarmawa na cewa dala, mutanen Cadi na ce ma tamma biyar riyal. Shi ya sa har gobe muke ƙidaya biyar biyar, dala ashirin tamma ɗari, dala metan jikka guda. Ɗan ƙarfen da yaro ke sayen alewa da shi yau, sunan azurfa garam 25 ya gada.

An buga dalar azurfa ta ciniki daga 1795 zuwa 1878. Cikin adakokin tsoffi za ku ga kan Napoleyon, da Luwi Filip, da Napoleyon na uku mai gemu, da wadda ke da ƙato tsaye tsakanin mata biyu. Za ku ga kuma mai Lewopol na biyu na Beljik da mai Biktor Emanuwel na Italiya. Dalili shi ne a 1865 Faransa da Beljik da Italiya da Suwis sun yi yarjejeniya kuɗinsu na azurfa su zama nauyi guda, kowane ya ci a ƙasar ɗan uwanshi.

Nan ne masu neman riba ke sa ido. Kusa da shekara akwai ɗan harafi mai nuna garin da aka buga ta: A na Pari, K na Bordo, BB na Istarasbur, W na Lil. Dala biyu na iya zama sarki guda, nauyi guda, amma wata an buga ta miliyoyi, wata dubbai kaɗan. Mai ƙato ta 1873 an buga ta miliyoyi, tana ko'ina, kuɗin azurfa za ta ba ka. Amma a 1871, lokacin da mutanen Pari suka yi tawaye suka riƙe birnin wata biyu da 'yan kwanaki, wani ma'aikacin tagulla mai suna Kamelina ya riƙe gidan buga kuɗi. Dalar da aka buga a hannunshi tana da alamar mashi mai baki uku, ƙarami kamar ƙwayar gero, a gurbin da sauran na Pari na shekarar ke da ƙudan zuma. Wannan ɗan mashin yana ninka kuɗin dalar sau da yawa.

Haka nan tamma guda ta azurfa mai hoton mace tana shuka, wadda aka buga daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa 1920. Nauyinta garam 5, azurfarta kashi 835. A 1914 Jamus suka matso Pari, sai aka kwashe wasu injuna zuwa wani gari na kudu mai suna Kastelsarazan. Tammar da aka buga can tana da harafin C, ba ta kai 50.000 ba, alhali ta Pari ta shekarar miliyoyi ce. Tana da tsada, don haka ta jabu ta yi yawa, 'yan damfara na liƙa ma ta Pari harafin. Lokacin wannan yaƙi ne azurfa ta fara ɓacewa daga kasuwanninmu, takarda ta shigo. Mutane suka biya lanho da takarda, suka bizne dala cikin tukunya.

KUƊIN INGILISHI

Mu mutanen bakin iyaka ne, kasuwarmu guda da Katsina da Daura da Jibiya da Illela, don haka kuɗin Ingilishi ya cika gidajenmu. Anini goma kwabo guda, kwabo uku toro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Anini da ɗari da kwabo suna da huji a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida, da rubutun Arabiyya. An fara buga anini a 1907. Na farkon, na 1907 da wasu na 1908, da alminiyom aka yi su, farin ƙarfen nan marar nauyi na tukwane, kuma suna cikin kuɗin alminiyom na farko da aka yi ciniki da su a duniya. Ƙasa da gumi na cinye su, shi ya sa mai tsabta a cikinsu ke da masu nema.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne wannan. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta yankunan Ingilishi na Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da toro da sisi da sule da sule biyu. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin dubu, ta fi ta liyari tsabta. Sule guda garam 5 da rabi da ɗoriya, bayanshi akwai itacen kwakwar manja. A 1920 azurfa ta yi tsada aka fara juyawa zuwa tagulla, yawancin na bayan nan rawaya ne. Mai saye zai haɗa fari da rawaya cikin ƙwarya ya yi musu kuɗi guda. Ku ware farin tukuna.

Akwai kuma kwabon 1936 mai sunan sarki Edwad na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta cikin shekarar don ya auri matar da yake so. Ingila ba ta fitar da kuɗi da sunanshi ba, amma an fitar a Afirka ta Yamma. Masu damfara na amfani da wannan labari su ce abu ne da babu irinshi. Labarin gaskiya ne, amma an buga kwabon miliyoyi, bai da tsada. Haka kwabon Najeriya mai huji na 1959. Mun sha jin jita-jita cewa akwai wani sinadari cikin kwabo mai huji, ko cikin tsohon dutsen guga mai zakara, wanda Nasara ke saye da buhun kuɗi. Mun ga waɗanda suka sayar da awaki suka shiga neman, ba mu taɓa ganin wanda ya dawo da ko anini ba.

TAKARDA DA AZURFA

An kafa tamma ta CFA ran 26 ga Disamba 1945. Ƙananan kuɗin 1948 masu kan barewa alminiyom ne, na bayansu tagulla da wasu ƙarafa, babu azurfa cikin na kasuwa. An buga wasu na zinariya da azurfa da hoton shugaba Diori Hamani don tunawa da samun 'yancin kai na 1960, amma don masu tarawa aka yi su, ba su shiga kasuwa ba. Wanda ya sami irinsu wurin tsohon ma'aikaci kada ya yi gaggawa.

Sau biyu kuma iyayenmu suka sake ganin abin da ya sami wuri. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta rufe iyaka ta sake launin naira cikin 'yan kwanaki. 'Yan kasuwa da 'yan bida da yawa na wannan gefe suka rasa yadda za su kai tsohuwar takarda banki, ta mutu a hannunsu, ga yunwa ta biyo baya. Ran 12 ga Janairu 1994 kuma aka karya darajar CFA da rabi, abin da tamma 50 ke saye na kuɗin Faransa ya koma sai 100. Duk wannan bai taɓa liyari ba, garam 23,4 yana nan yadda yake. A yunwar 1973 da ta 1984 gidaje da yawa azurfar mata ce ta fisshe su. Don wannan rana aka adana ta.

Amma azurfa ma tana hawa tana sauka. Ana auna ta a kasuwar duniya da awo mai garam 31,1. A watan Janairu na 1980 awo guda ya kusa dalar Amurka 50, saboda wasu attajirai 'yan gida guda na Teksas, masu suna Hunt, sun yi ta saye suna ɓoyewa. Ran 27 ga Maris na shekarar ta faɗo wajen 11. A 2011 ta sake kusantar 50, ta sauka, a 2025 ta wuce. Duk lokacin da ta hau, masu babur ke shiga ƙauyuka, don su sun ji labari, mu ba mu ji ba.

YADDA ZA MU YI

Tsohon kuɗi farashi biyu gare shi, na ƙarfen da ke ciki da na ƙarancinshi. Na farko kowa na iya lissafa shi. Ku je wurin maƙerin fari biyu ko uku ku tambayi nawa suke sayen garam na azurfa a ranar. Ku ninka da 23,4 in liyari ne, da 22,5 in dala ce. Mai saye zai rage ribarshi, wannan halal ne, amma in ya ba ku ƙasa da rabi ku mayar adaka.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, duk da haka ku auna. Liyarin da ya yi ƙasa da garam 27 ko dalar da ta yi ƙasa da 24, ko dai ta sha hannu ƙwarai ko ta jabu ce. Ku kusantar da maganaɗisu, in ya kama ba azurfa ba ce. In bai kama ba, ba shi ke nan ba, don dalma da tagulla ma ba ya kama su. Ku ɗora shi bisa yatsa ku ɗan buga da wani, azurfa tana da amo mai tsawo, dalma sai ta yi ƙwas ta yi shiru. Ku duba gefe, na ƙwarai rubutunshi a fili yake, na zubi kuwa yakan nuna layin haɗi ko ƙananan ramuka. Haka kakanninmu ke yi a kasuwa, har suna ƙidayar duwatsun da ke kafaɗar sarauniya.

Farashi na biyu sai da littafi. Ku rubuta sunan sarki, da shekara, da harafin gari, da duk wata ƙaramar alama. Akwai littattafai masu nuna yawan abin da aka buga kowace shekara, kamar na Gadoury mai bayanin kuɗin Faransa, wanda ya fara fitowa a 1973. Yaranmu na lakwal da na jami'a suna iya duba muku a waya. Amma su duba abin da aka saya a gaske, kada su ruɗu da abin da wani ya rubuta yana nema.

Kada ku wanke. Mun san hannun iyayenmu mata ba ya barin ƙarfe da duhu, sai an goge da toka ko tsamiya ko lemun tsami. Masu tarawa duhun nan suke so, gogewa na kankare zane, kuma ba ya dawowa. Kuɗin da aka huje ko aka liƙa ma kunne don rataya ya bar farashi na biyu, sai na azurfa. Yawancin namu haka suke, mu faɗa ma juna gaskiya. Cikin adaka ɗari, da wuya a sami mai mashi guda. Wanda ya bar sana'arshi don farautar tsoffin kuɗi zai ci jarinshi, kwaɗayi mabuɗin wahala. In mai sayarwa ya ce muku abin na miliyoyi ne amma zai bar muku a jikka hamsin, ku tambaye shi me ya hana shi kai ma Nasaran da kanshi.

Ga 'yan uwanmu masu son shiga wannan ciniki, ba mu ce haramun ba ne mutum ya yi karatu ya gane abin da wani ɗan kasuwa bai gane ba. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa an hana tarbar mai kaya a hanya a saye kafin ya san farashin kasuwa. Tsohuwar da ke cikin ɗaki ba ta san kasuwa ba. Wanda ya ci ribar rashin saninta, ya tuna tashi uwar na da adaka. Wanda kuma ya tono tukunyar kuɗi ko wani tsohon abu a kufai, ya sani akwai dokar 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa, ya sanar da mai gari kafin ya kira dillali. An wawashe kayan ƙasar Bura ta yammacin Yamai, an kai su waje, kada mu bari namu ya bi su.

Muna ba ƙungiya shawara guda. A taro mai zuwa a fidda kuɗi daga asusu a sayi ƙaramin sikeli mai auna garam da gilashin ƙara girma, a ajiye wurin ma'aji. Duk mai tsohon kuɗi ya kawo a auna mishi kyauta, gaban mutum biyu, a rubuta mishi a takarda, ya koma da abinshi. Mu da sauran malaman lakwal mun ɗauki nauyin rubutun ranar Lahadi. A wannan zama muna so tsoffi su faɗa mana inda kowane ya fito, na sadaki ne, ko na fatauci, ko wanda kaka ya dawo da shi daga soja, don mu rubuta ma yara. Wanda larura ta kama ya sayar, ba laifi, don ita aka ajiye, sai dai ya sayar da sani. Ku 'yan bida kuma, in kun aiko da saƙo gida, ku haɗa da wannan gargaɗi, kada a buɗe ma baƙo adaka sai an auna.

Wanda ya san wani suna da ake kiran waɗannan kuɗi a garinsu, ko ya ga mun yi kuskure, ya rubuto mana mu gyara a fitowa ta gaba. Allah shi jiƙan magabata, shi ba mu damana mai albarka, shi maido da matafiya gida lafiya. Haza wasalam.